Yaya Hariata da Dutsen da Ba a Hawa da Takalmi

Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran yayata Hariata Netana, a asibiti, bayan gajeriyar jinya. A makon nan ne kuma 'yata Ripeka ta haifa mini jikana na fari, wanda na jira har na fara fid da rai. Mutane na zuwa yi mini ta'aziyya, sai su tarar da ni ina murmushi ni kaɗai. Yaya, ki yi mini uzuri. Namiji ne, an sa masa Hohepa, kunnuwansa irin naki ne, kuma ya iya kuka.

Ke kika raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ke kika tura ni ajin yamma da furfurata, kina kai ni a motarki, ki zauna a waje da shayi a gora har a tashi. In na fito ki ce, "Eru, yau wane harafi ne ya kayar da kai?" Da wannan karatun nake rubuta miki yau. A duk gaɓar tekun Kaipara, yankinmu, kuma babu gidan makokin da kyafaffen kifinki da dankalinki ba su riga kowa isa ba.

Amma abin da za a fi tunawa da ke shi ne dutsen. A bakin tekun da ke ƙasan gidanmu akwai wani faffaɗan dutse da yake bayyana in ruwa ya janye. Tun zamanin kakarmu, duk jaririn da aka haifa a danginmu sai an ɗauke shi an ɗora tafin ƙafarsa a kai, don ya san inda zai dawo. Mai ɗaukar kuwa ƙafa ba takalmi yake hawa, kamar yadda ba a shiga ɗakin taron dangi da takalmi.

Muna yara, 'yar kawar ƙasarmu ce a gefen dutsen, halittar ruwan nan mai ɓawo da ake ci, ƙarama, mai daɗi, tana barin wa mutum wurin taka ƙafa. Daga baya baƙuwar kawa ta iso, aka ce a jikin jiragen ruwa ta maƙalo. Ta fi tamu girma, ta fi ta saurin girma, bakin ɓawonta kamar reza. Wata rana kika miƙo mini takardar da aka rubuta a kanta, kika ce, "Malam mai ilimi, karanta mini abin da take nufi da mu." Na karanta miki ina tuntuɓe: in ruwa ya yi ɗumi, guda ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi. 'Ya'yan su yi makonni suna yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu, sannan su manne a kan abu mai tauri, ba sa sake motsi har mutuwa. Kuma babu inda suka fi so kamar ɓawon 'yan'uwansu. Kika ce, "Ke nan a kan gawar uwarsu suke gina gida."

Daga nan kika ɗauki guduma da ƙarfe mai faɗin baki. Duk sanyi kina kan dutsen, kina kankarewa har ƙasan ɓawon, ki kwashe a buhu ki kai tudu. Da zafi kuwa ba kya taɓa su, kin ce fasa su a lokacin, cikinsu cike da ƙwai, taya su shuka ne. Duwatsun maƙwabta suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yara suka daina wanka a wurin, karnuka ma suka daina sauka. Namu kaɗai ya rage da hanya.

Bana kika saɓa wa dokarki, kika sauka a Janairu, wanda a ƙasarmu tsakiyar zafi ne, saboda Ripeka ta kusa haihuwa, hanyar kuma ta soma toshewa. Na ce, "Yaya, ko takalmin roba ki sa mana." Kika harare ni. "A kan dutsen kakarmu? Ashe karatun nan wauta ya ƙara maka." Ranar ce ɓawon kawa ya yanke ki. Yankan ɗan ƙarami ne, a dunduniya. Kika ɗaure da tsumma kika ci gaba. Kafin mu ankara ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, zazzaɓi ya rufe ki. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce da ke yawa a ruwan ɗumi ta shiga ta wurin, ciwon sukarinki kuma ya ba ta hanya. Hoton Hohepa kawai kika gani a waya.

Bayan an rufe ki, Ripeka ta ce, "Baba, ɗana ba zai je wurin da ya cinye Gwaggo ba." Ban yi musu ba, don ni ma tsoron nake ji. Amma na ce mata in Hohepa bai taka ba, shi ne na farko a danginmu da dutsen bai sani ba. Ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta ce, "To ka sa takalmi. In ba haka ba, ko ƙofa ba za ka fita da shi ba."

Jiya da safe na sa. Yaya, ni ne mutum na farko da ya hau dutsen nan da takalmi. Ɓawo yana ƙara a ƙarƙashina, jikana yana barci a ƙirjina. Na sami wurin da kika gama kankarewa, bai wuce faɗin faranti ba. Na shafa da yatsa kafin in ɗora ƙafarsa, sai na ji kaushi. Na duba da kyau: 'ya'yan kawa ne, ƙananan ɗigo-ɗigo farare, ba su kai farcen Hohepa ba, sun riga sun zauna. Na goge da hannun rigata, ba su fita ba. A tsakaninsu na nemi gurbi na taɓa tafin ƙafarsa. Ya buɗe ido ya tsala kuka, ni kuma na yi dariya, hawaye na zuba.

Gudumarki tana wurina. In sanyi ya shigo zan sauka, amma gwiwoyina ba naki ba ne, ruwan kuma kowace shekara ƙara ɗumi yake yi. Ban sani ba ko ƙanin Hohepa zai sami wurin da zai taka.

Allah ya ji ƙanki, Yaya Hariata, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa a inda ƙafa ba ta yankewa. Ga 'ya'yanki Matiu da Erana, da jikokinki, da duk wanda kika taɓa ɗauka zuwa dutsen nan yana jariri, Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma ki yafe mini takalmin.

Ƙaninki,
Eruera Netana