Akuyar da ke Cikin Katin Goggo

Shekara arba'in goggona tana kiwon awaki, kafin ɗanta ya kai ta hawa na huɗu rainon jika. Ciwon gwiwa ya hana ta saukowa, tagogin kuma duk ƙarfe ne.

Kullum surukarta kan bar mata katunan hotuna kafin ta tafi aiki: "Mama, sau uku a rana, kar a tsallake ko ɗaya."

Haka Goggo ke wuni tana ɗaga wa yaro kati. "Mota. Kifi. Ƙwallo." In ta zo kan akuya sai ta daɗe.

Da na je gaishe ta, ta miƙo min katin, ta rage murya: "Dubi yadda ta rame, 'yar nan. Ita ma ba sa fitar da ita."