Dubu Saba'in na Inna

Ni malamar lissafi ce a Birnin Kudu, kuma akwai lambar da har yau ba na iya rubutawa a allo: dubu saba'in. Da can ina son ta. Lambobi hamsin cif ke raba ta ba saura. Biyu na raba ta sau huɗu a jere, biyar sau huɗu, bakwai sau ɗaya, amma uku ko ta kwana tana roƙo ba za ta shiga ba.

Innarmu a Kwandiko ba ta san wannan ba, ba ta ma bukata. Abin da ta sani, idan mutum ya rasu ana ja masa hailala dubu saba'in. Tana jinyar ajali ta damƙe hannuna ta ce, "Ke mai boko, ke za ki tsaya a kan nawa. Kada a rage mini ko ɗaya."

Na tsaya kuwa. Bayan addu'ar uku na ƙirga ƙwayar masara ɗari bakwai a faifai. Da carbinta muka ja, ni da yayyena mata biyu, muna karɓa-karɓa. Duk zagaye ɗaya ɗari ke nan, sai a jefa ƙwaya a ƙwarya. Har faɗa na yi wa babbar yayarmu don tana gyangyaɗi. Ranar da faifan ya ƙare na ji wani sanyi a raina.

Shekara huɗu bayan nan, zaren carbin ya fara lalacewa, na zauna da hantsi zan sake shi. Hannun malamin lissafi ba ya zama banza, sai na ƙirga. Casa'in da tara, har da limamin, wato doguwar ƙwayar kan carbin. Na sake. Na sake. Innalillahi! Na ƙirga masara ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa ƙirga carbin ba. Dubu sittin da tara da ɗari uku muka yi mata. Lambar nan uku na raba ta, tara na raba ta, sha ɗaya ma haka, kuma wallahi na tsane ta.

A zaune a wurin na cika ɗari bakwai ɗin ina kuka. Washegari na hau mota zuwa Gwaram wajen Goggo, ƙanwar Inna, na tambaye ta yaushe ƙwayar carbin ta ɓace.

"Ai tun kina goye ya tsinke a bakin rijiya," in ji ta. "Da shi ta yi wa babanku. Da shi ta yi wa duk wanda ya mutu a unguwa ba shi da mai yi masa. Ke dai bar wa Allah, Ya ga niyya."

Na san Ya gani. Na ce, "Su nawa ne, Goggo?"

Ta buɗe tafin hannu. "Wa ya ƙirga?"

Tun ranar, kullum bayan sallar asuba ina jan ɗari bakwai. In na ɗaga hannu zan ce Allah Ya kai ladan, sai in tsaya, don ban san sunan wa zan kira ba.