Thirza da Rijiyar Ƙanwarta

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da Thirza Pruett a jihar Nebraska ta Amurka. Ban taɓa ganin macen da ta kai ta aiki ba, ban kuma ga wadda ta kai ta riƙo ba.

Tare suka iso da ƙanwarta Lavina daga Ohio a 1873, kowacce da mijinta da amalankenta. Lokacin gwamnati na ba da eka ɗari da sittin ga duk wanda zai zauna ya noma shekara biyar. Filaye biyu suka rage kusa da mu, ɗaya a tudu, ɗaya a kwari. Thirza ce babba, ita aka ba zaɓi. Ta ɗauki tudu, ta ce ita ba kwaɗo ba ce da za ta zauna a rami.

Wendell, mijin Lavina, ya haƙa rijiya, a ƙafa ashirin da shida ya tarar da ruwa mai sanyi, garai-garai. Enoch, mijin Thirza, ya haƙa ƙafa casa'in bai ga ko danshi ba. Ya sake a wani gefen, ya kuma sakewa. A ta ukun ƙasa ta rufto ta karya masa ƙugu, daga nan bai ƙara tafiya ba sai da sanda.

Tsakanin gidajen biyu bai fi tafiyar minti goma ba. Lavina ta tako har ƙofa ta ce, "Yaya, ki riƙa zuwa kina ɗiba mana. Ruwan nan ya fi ƙarfinmu."

"An gode, uwar masu rijiya," in ji Thirza. "Na rafi ya fi daɗin kofi."

Rafin nan mil huɗu ne. Sau biyu a mako take ɗaura wa shanu amalanke, ta ɗora ganga uku, ta wuce ta gaban gidan ƙanwarta ba ta ko waiwaya. Amma fa tana gani. In mun haɗu a hanya sai ta tsayar da shanu ta zayyana min. Lavina ta shuka kabeji. Lavina ta shuka furanni.

"Furanni fa, Orpha! Abin da ko alade ba ya ci, shi take ba ruwa. Ni kuwa ruwan wankan yara nake wanki da shi."

Matafiya ne suka fi ci mata rai. Duk ayarin da ya nufi yamma a ƙofar Lavina yake yada zango, har wurin ya yi suna Rijiyar Lavina, wasiƙun yankin ma nan ake sauke su. Wata Lahadi a coci wata baƙuwa ta tambaye ta, "Ke ce yayar mai rijiya?"

"A'a," in ji Thirza. "Ita ce ƙanwata." Ta tashi ta fita ana tsakiyar waƙa.

Sau ɗaya na san ta sha ruwan a waɗannan shekarun. Zazzaɓi ya kwantar da ita, Lavina ta yi kwana tara tana jinyarta, tana jiƙa mata goshi, tana ɗura mata da cokali. Da Thirza ta farfaɗo ta kama hannuna.

"Tsakaninki da Allah, ruwan wa na sha?"

Na faɗa mata. Ta juya fuska bango ta ce, "Shi ya sa bakina ke ɗaci."

A 1890 aka yi fari, masara ta ƙone a tsaye. Wendell ya gaji da noma, ya samu aikin jirgin ƙasa a Omaha, suka sayar wa Enoch filin da arha suka tafi. Na ɗauka Thirza ta huta ke nan. Ta tare a gidan, ta tumɓuke furannin, ta rubuta "Pruett" a jikin katako ta kafa a bakin rijiya. Ba wanda ya kula. Matafiya suka ci gaba da tambayarta ko nan ce Rijiyar Lavina.

Sai wasiƙu suka fara zuwa. Idonta ya yi rauni, don haka ni ke karanta mata. Lavina ta rubuto cewa a gidansu na birni akwai famfo a cikin kicin, murɗawa kawai ake yi ruwa ya zubo.

"Ƙarya take yi," in ji Thirza. Ta shiga murza bakin zanen teburi. "Sake karanta min wurin."

Ta rasu a 1904, shekara biyu bayan Enoch. Lavina ta zo jana'iza a jirgin ƙasa, ta tsufa, ta yi ƙiba, ta fi kowa kuka. Da aka watse ta ja ni gefe ta ce, "Orpha, Yaya kuwa takan ambace ni?"

Na ce, "Kullum."

Ta share ido, ta ce ta ji daɗi.