Eriyar Inna

Ni ne ɗan farin Inna, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini ko da ina zaune kusa da ita, kuma in tana son wani abu a wurina, matata take gaya wa. Jinin Fulani gare ta, kunyarta ba ta wasa ba ce.

Shekara shida bayan rasuwar Baba, wani dattijo mai noman shinkafa a fadamar bakin kogi ya aiko mini abokinsa, wai yana neman auren Inna. Raina ya ɓaci. Na ce a gaya masa mun gode, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba. Ban ko tambaye ta ba. Har ina jin kaina, wai na kare mata mutunci a cikin Haɗejiya.

A lokacin ana nuna wani wasan kwaikwayo a talabijin duk Asabar bayan la'asar, labarin wata tsohuwa mai daddawa da wani tsohon tela da matarsa ta rasu. Ban taɓa ganin an nuna son tsofaffi da mutunci haka ba. Ba waƙa, ba rawa. Shi dai kullum yana zuwa sayen daddawar da ba ya bukata, ita kuma tana yi masa gyara har ta fi abin da ya saya. Da telan ya nemi aurenta, babban ɗanta ne ya kafe ya hana.

Inna, wadda a da take cewa talabijin aikin marasa abin yi ne, sai ga ta da tabarmarta tun kafin a fara. Kuma kowace Asabar sai ta ce wa matata hoton yana rawa, a kira wancan ya gyara eriya. In zo in murɗa, ban ga abin da ya same ta ba, in zauna kallo. Wasan ya shiga raina sosai. Na riƙa zagin ɗan tsohuwar, ina cewa ba shi da tausayi, matata tana toshe baki da mayafi. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane a makaranta, wata biyu ban gane komai ba.

Wata Asabar aka nuna tsohuwar ta gama cin tuwo, ta juya za ta yi magana, ta ga ba kowa a ɗakin. Inna ta dubi matata, ba ni ba.

"Yaron nan ba mugu ba ne," in ji ta. "Yana ciyar da ita. Bai dai taɓa tambayar kansa ba, in ya ce sai da safe ya tafi wurin iyalinsa, ita da wa take hira."

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Ta faɗi duk abin da ke ranta, kuma ba ta karya kunyarta ba. Har yau ina mamakin hikimar matar nan.

Washegari na nufi fadama. Na tarar da dattijon cikin ruwa har gwiwa yana dashe. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a kan kunyar gona na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na ce ya sake aikowa.

Da na dawo da taɓo a wando, Inna ta dube ni sau ɗaya, ta juya wajen matata.

"Gaya wa wancan eriyar ta gyaru," in ji ta.