Ranar da Adawa ta yi dalala

Har yanzu in na tuna da safiyar nan sai in ji hannuna na dama ya yi sanyi. Na saki maraƙi ya je wajen uwarsa, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Tana tsaye, ta miƙe wuya, miyau yana zuba daga bakinta har ƙasa.

Ga wanda bai san garkenmu ba, yana bayan gari a kan hanyar Tsibiri. A shekarar da malaman lise, makarantarmu ta sakandare, suka yi ta yajin aiki, Baba ya ce tunda gwamnati ta hutar da ni, shi ba zai hutar da ni ba. Ya haɗa ni da ƙanwarsa, Gwaggo Hajo, in koyi tatsa. Ƙa'idar ita ce a saki maraƙi ya tsotsa har nono ya sauko, a janye shi a ɗaure kusa da uwar, a dabaibaye ƙafafunta na baya, sannan a sa ƙwarya. Kindirmon da muka kafa ni nake kai wa masu fura a Sabon Gari.

Baba mutum ne mai son rediyo, shi ya sa shanunmu suka samu sunayen zamani. Akwai Majalisa, mai yawan kuka da ƙarancin nono. Akwai Adawa, wadda ba ta taɓa yarda da komai ba sai da harbi. Ita ce ta yi dalalar.

Na zaci wani abu ne ya maƙale mata, sai na tura hannu cikin bakinta har wuyan hannu. Ban ji komai ba, sai dai haƙorinta ya yage mini bayan yatsa. A nan Gwaggo ta ƙaraso, ta saki ƙwarya.

"Ke Rabi! Mi kika yi? Ba ki ji an kashe mahaukacin kare a Tsibiri ba?"

Na ji, kuma a lakwal, wato makaranta, an koya mana cewa haukan kare ta miyau yake shiga, in ya bayyana babu magani. Na dubi jinin da ke yatsana. Gwaggo ta wanke mini da sabulu tana salati, ta miƙo mini ruwa ta ce in sha ta gani, don mai haukan kare ba ya iya haɗiyar ruwa. Tsoro ya shaƙe ni na kasa haɗiya, sai ta fasa kuka.

Baba ya zo da gudu. Ya dube ni, ya dubi saniya, ya ce, "Innalillahi, kuma ita ta fi nono a garken."

Muka hau babur ɗinsa mobilet zuwa ofishin dabbobi. Ƙofa a rufe. Likitan, Malam Sanusi, yana gindin iccen bedi yana karta da abokansa.

"Alhaji, yaji muke. Ko saniyar minista ce sai ta jira albashina."

"Ba saniya kaɗai ba ce, Malam, ɗiyata ta sa mata hannu a baki."

Ya ajiye karta, ya kama hannuna ya duba, bai yi dariya ba. Wannan rashin dariyar ya fi komai razana ni. Ya ce in dai abin ne, to allura zan fara yau, in an samu a asibiti ke nan, don su ma yajin suke. Ya ce mu wuce garke, yana biye da mu. A hanya ina bayan Baba ina ta lissafin wanda zai gaji littattafaina.

Da muka isa garke, cikin Adawa ya fara kumbura. Malam Sanusi ya zagaya ta yana neman cizo, bai gani ba. Ya shafa maƙogwaronta daga sama zuwa ƙasa, sai ya tsaya a kan wani abu mai tauri.

"Alhaji, mi kake ba su ci?"

Gwaggo ce ta amsa, "Dusa ta yi tsada. Ruɓaɓɓen mangwaro yake kwasowa daga lambunan Jiratawa."

"Da ƙwallon?"

"Da ƙwallon, Malam. Ya ce ba a zubar da komai."

Aka kira maƙwabta suka riƙe ƙahoni, aka sa itace a bakinta don kada ta rufe. Ya yi ta matso abin daga waje zuwa sama, sannan ya zura hannu. Adawa ta harbi Baba a gwiwa, babu wanda ya ce masa sannu. Can sai ga ƙwallon mangwaro a hannun likita, yana yauƙi. Ta yi wata irin gyatsa, ta nufi kwatarniyar ruwa ta kafa kai.

Abin da na koya a sana'ar nan shi ne kada ka sa hannu a bakin dabba mai dalala, kuma ka fara tambayar mai garke abin da ya yi wa arha.

Ana kiran azahar Malam Sanusi ya miƙo mini ƙwallon.

"Ga mahaukacin karenki, 'yar lakwal. Ba abin da zai same ki. Sha ruwa."

Na sha, ya wuce. Sai a lokacin na fara kuka.