Hannayen Kakana

Har gobe ba na son ƙaurin fata a wuta. Ko babbakar kan rago ake yi da Sallah, sai in tashi in bar gidan.

Ina ƙarama Nasara suka ja iyaka a bayan gonakinmu na Illela. Kakana yana da wani littafi rubutun hannu, ganye-ganye cikin gafaka, wanda ya gada daga kakansa. Da shi yake raba gado, da shi yake kashe rigimar rijiya. Daga Tozai har ƙauyukan da suka faɗa hannun Faransa, nan ake zuwa. Wannan zirga-zirgar ce ta jawo aka ce takardun tawaye yake ɓoyewa.

Da kaka, ana ɗaure damman gero, sojoji suka faɗo gidanmu. Suka fasa randuna, suka doke kakata da gindin bindiga har haƙorinta ya fita. Sajensu ya hura wuta a tsakar gida, amma shi ma Musulmi ne, yana tsoron ƙona rubutu mai sunan Allah. Sai ya miƙa wa babana gafakar.

"Kai za ka jefa."

Baba ya ƙi. Suka ɗaure shi a turken doki, suka yi ta zuba masa bulala har bayansa ya tsage, ƙasa ta jiƙe. Da suka juyo kan yayana, sai Baba ya ce a kwance shi, zai jefa. Ya jefa.

Kakana bai yi ihu ba. Ya durƙusa, ya cusa hannu biyu cikin wutar yana laluben ganyayen.

"Mi kaka yi, tsoho?" in ji sajen.

Toka kawai ya fito da ita, fatar hannunsa na saɓulewa. Yatsun suka warke a manne, bai ƙara riƙe alƙalami ba.

Yanzu littattafai har a ƙasa ake baza su ran kasuwa, gefen masu albasa. Jikokina 'yan boko sukan yi gardamar wane littafi ya fi juya duniya, su jero sunaye. Ni jahila ce, ba na sa baki. Na dai san wani littafi wanda, daga ranar da ya ƙone har kakana ya rasu, babana ne ke sa masa tuwo a baki, kuma ban taɓa ganin sun haɗa ido ba.