Kifi Mai Gurnani a Setapak

Ni Bakano ne na cikin badala, iyakar sanina da kifi a soya shi a barbaɗa masa yaji. Sai Allah Ya haɗa ni da mata 'yar Yawuri, wadda ta tashi a gidan da ake shanya koma a katanga kamar yadda mu muke shanya wanki. Ya kuma jefo mu Kuala Lumpur, hawa na sha ɗaya a wani bene a Taman Melati, inda nake sayar wa ɗalibai 'yan gida kilishi da yaji da kuka, ina kuma aika musu kaya Najeriya.

Cikinta na fari ya zo da laulayi mai tsanani. Ko ruwa ta sha sai ya dawo, har sau biyu aka yi mata ƙarin ruwa. Ranar awo, likitar, wata Ba'indiya marar wasa, ta dubi sikeli ta dube ni. Ta ce idan muka dawo bayan mako uku ramar ba ta tsaya ba, ba za ta iya yi mana alkawarin komai a kan abin da ke cikin ba. Na ji tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, ga shi babu uwa babu gwaggo a kusa da za a ce zo ki duba.

Da muka koma gida ta kwanta ta juya wa bango fuska. Can ta ce, "Maigida, da zan samu farfesun kurungu, ina jin zai zauna."

Na ce, "Wane ne kuma kurungu?"

Ta ce kifi ne mai gashin baki da ƙayoyi uku masu tsini, kuma idan aka fito da shi daga ruwa gurnani yake yi. Na ce lallai Yawuri, har kifinku ma mita yake yi. Ba ta yi dariya ba.

Washegari na je kasuwa na sayo tarwaɗa mai rai, tunda dai ita ma gashin baki gare ta. Tun daga bakin ƙofa matata ta ce, "Wannan ta kiwo ce, abincin kaji ta ci. Fita da ita." Ban kai ga juyawa ba ta ruga banɗaki.

Shi ne na sayi sandar fatsa. A bayan unguwar Setapak akwai wani tafki, tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika, na riƙa zuwa bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Da burodi nake ɗana ƙugiyata, a gefen ruwa, inda ba zan ɓata wando ba. Kwana goma sha biyar abin da na kama leda ce da wani ƙaramin kunkuru. Kullum akwai wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, a kan kujerarsa ta naɗewa, ɗan nesa da ni. Sallama kawai muke yi. Girman kai ya hana ni in ce masa ban iya ba.

Saura kwana huɗu mu koma asibiti, wata tsohuwa 'yar Sin ta sauko daga tasi da bokiti biyu. Ta tsuguna a bakin ruwa ta tuntsurar da su, sai ga kifaye masu gashin baki suna zubowa. Ba su gudu ba, suka tsaya a gefe kamar sun yi maye. Ni a raina na gama lissafi: mai sayar da kifi ce, kwantai ta yi, ta zo zubarwa. A garinmu kuwa abin da aka zubar ba a neman izini a kansa. Na jefar da sanda, na faɗa ruwa har gwiwa da bokitina, ina kamfata ina hamdala. Kifin tafki dai, ga shi Allah Ya kawo har gabana.

Duk wannan abin idonta a rufe yake, ta haɗa tafukanta biyu. Da ta buɗe ta ga kifayenta a bokitina, ba ta yi ihu ba. Hawaye ne kawai suka zubo mata.

Dattijon ya taso. "Tak boleh lah," ya ce, wato hakan bai halatta ba. Da guntun Turancinsa da guntun Malayancina ya fahimtar da ni cewa ba zubarwa ta yi ba, 'yantawa ta yi. Da sassafe ta je kasuwa ta saye su don kar a yanka su. Mijinta na kwance a asibiti, kuma a addininsu haka ake roƙa wa marar lafiya sauƙi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na mayar da su ruwa ɗaya bayan ɗaya, na ba ta haƙuri da duk harshen da na iya. Sai na ga dole in faɗi dalilina, kar su ɗauka ni mayunwacin ɓarawo ne. Ina cikin bayanin matata da maganar likita muryata ta karye.

Dattijon ya bari na natsu, sannan ya ce, "Ai waɗannan na kasuwa ne, na kiwo. Da ka kai mata ma korar ka za ta yi. Wanda take so, yaya kukansa yake?"

Haka na tsaya, magidanci da gemuna, wando sharkaf, ina yi wa tsofaffi biyu gurnanin kifin da ban taɓa gani ba. Tsohuwar da ke kuka ta fashe da dariya. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce, "Baung." Sunan kifin ke nan a wurinsu.

Ya jira sai da tasinta ta tafi. Sannan ya je gindin wata bishiya ya jawo igiya, sai ga ragarsa ta fito daga ƙarƙashin ruwa. Ashe duk ranar da ya hango ta tafe, nutsar da kamunsa yake yi don kar ranta ya ɓaci. Guda biyu ne a ciki, masu ruwan toka. Ya juye min su a bokiti da ruwan tafkin.

Na ce, "Pak cik, me zan ba ka?" Haka ake kiran dattijo a can, kamar a ce kawu.

Ya ce, "Tapau, ɗauki ka tafi da su gida kawai. Kar ka yanka a nan. Ka bari ta ji da kunnenta."

A kicin na ɗago ɗaya, ya kuwa saki wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Daga ɗaki na ji an ce, "Maigida, mene ne wannan?" Ta fito tana dafa bango, ta leƙa bokitin ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ba shi ba ne, amma ɗan'uwansa ne. Kawo wuƙar kafin ka soke kanka, ƙayoyin ake fara karyewa."

A zaune a kan kujera ta dafa shi, da daddawa da attaruhu da citta da ɗan ruwan tsamiya. Ta sha romon a hankali, ta ci tsoka. Ni ina tsaye ina satar kallon agogo, ina jiran ta ruga banɗaki. Aka kira azahar tana zaune. Ta ce, "Kan na biyun nawa ne, kar ka taɓa min."

Da muka koma asibiti ramar ta tsaya. Dattijon ya koya min ɗana ƙugiya da hanjin kaza, da jefa ta can ƙasa inda wani rafi ke shigowa tafkin. Har yau idan na yi sujada ba na manta shi.

Tsohuwar sau ɗaya na ƙara ganin ta, bayan wata biyu, da bokiti guda. Ta gane ni, ta zagaya hannu a gaban cikinta tana tambaya. Na ce da sauƙi sosai. Na tambayi jikin mijinta, ta girgiza kai, na gane ya rasu. Sai ta tsuguna ta tuntsurar da bokitin, ta yi wa dattijon wata magana.

Ya juyo ya ce da ni, "Wai waɗannan na matarka ne, Allah Ya sauke ta lafiya."

Addininta daban, nawa daban, ban kuma san me ake cewa a irin wannan wuri ba. Na naɗe fatsata, na tsaya a gefenta har na ƙarshensu ya nutse. Ranar ban kama komai ba.